Ikkilisiyar Da Ta Yi Shekara 25 Ba Baftisma

Wurin karatu: Ru'ya ta Yohanna 3:7-13

A wannan karo za mu ba ku tarihin wata ƙaramar ikkilisiya ta ɗarikar Menonayit a ƙasar Amurka, a wani wuri da ake kira Germantown, wato Garin Jamusawa. Wurin da muka karanta wasiƙa ce zuwa ga ikkilisiyar Filadelfiya ta ƙasar Asiya. Ubangiji bai ɓoye wa wannan ikkilisiya rauninta ba, ya kuwa yaba mata saboda amincinta. Germantown ma a yau unguwa ce cikin wani birni mai wannan suna, Filadelfiya ta jihar Pensilbaniya.

Da yawa cikinmu a ƙananan majami'u muke yin sujada. Akwai inda mai bishara ɗaya yake kula da ƙauyuka uku ko huɗu. Akwai inda akan yi watanni ba a ci Jibin Ubangiji ba, gama babu fasto a kusa. Wani lokaci mukan dubi kujerun da babu kowa a kai, mu ce a ranmu, anya wannan taro namu ya isa a ce da shi ikkilisiya? Saboda masu irin wannan tambaya muka kawo wannan tarihi.

Bari mu fara da asalin mutanen. Ran 21 ga Janairu 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, waɗansu masu bi suka taru a gidan Felix Manz. Sun yi ta binciken Littafi Mai Tsarki, suka gaskata cewa baftisma ta wanda ya tuba ya kuma furta bangaskiyarsa da bakinsa ce. A daren nan Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Hukuma ta ɗauki abin a matsayin tawaye, domin a zamanin nan dole ne a yi wa kowane jariri baftisma a ikkilisiyar gwamnati. A Janairun 1527 aka nutsar da Manz cikin kogin Limmat. Tsanani ya warwatsa su zuwa ƙasashe dabam dabam. A 1536 wani limamin Katolika a arewacin Holan, mai suna Menno Simons, ya bar aikinsa ya bi su. Ya yi sauran kwanakinsa yana yawo a ɓoye, yana koyarwa yana rubutu, har ya rasu a 1561. Daga sunansa ne aka samo sunan Menonayit. An san su da abu uku: baftismar masu ba da gaskiya, ƙin ɗaukar makami, da ƙin yin rantsuwa.

Bayan shekaru fiye da 100, wani Baturen Ingila mai suna William Penn ya sami babbar ƙasa a Amurka daga hannun sarkin Ingila a 1681. Shi ɗan ɗarikar Kweka ne, waɗanda suke kiran kansu Abokai, su ma sun sha ɗauri saboda bangaskiyarsu. Penn ya yi alkawari cewa a ƙasarsa ba za a tsananta wa kowa saboda hanyar sujadarsa ba. Labari ya kai garin Krefeld na ƙasar Jamus, kusa da iyakar Holan, inda akwai masaƙa da yawa 'yan Menonayit. Iyalai 13 suka shirya kayansu, suka shiga jirgin ruwa mai suna Concord, suka sauka Filadelfiya ran 6 ga Oktoba 1683. Aka yanka musu fili wajen mil 6 daga birnin. Sanyi ya riga ya gabato, ba su da kuɗi, waɗansunsu a ramuka da aka rufa wa itace suka yi hunturun fari. Saboda tsananin rashi har waɗansu suka riƙa juya sunan garin da harshen Jamus, suna ce da shi Garin Matalauta.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa daidai. Ko da yake waɗannan iyalai daga gidajen Menonayit suka fito, kusan dukansu sun riga sun zama 'yan Kweka, ko kuwa sun zama bayan zuwansu. Mutum ɗaya ne, Jan Lensen, ya tsaya a kan ɗarikar iyayensa har ƙarshe. Ashe farkon wannan ikkilisiya gida ɗaya ne tak. A shekarun fari babu majami'a, babu mai wa'azi. A gidaje ake taruwa, 'yan Kweka da 'yan Menonayit tare, suna ƙarfafa juna iyakar abin da suka sani.

Cikin waɗannan shekaru ne wani abu ya faru wanda ya sa har yau ana tunawa da garin. A 1688 mutum huɗu suka zauna a gidan Thones Kunders suka rubuta takardar ƙin cinikin bayi. Su ne Francis Daniel Pastorius, Garret Hendericks, da 'yan'uwa biyu, Derick da Abraham op den Graeff. Sun ga maƙwabtansu Turawan Ingila, har da masu bi, suna sayen baƙar fata da aka kwaso daga Afirka. Hujjarsu daga koyarwar Ubangiji take, wadda muke samu cikin Matiyu 7:12. Suka tambaya ko akwai wani cikin masu sayen da zai yarda a sayar da shi, a raba shi da matarsa da 'ya'yansa. Suka tuna musu yadda matafiya a teku suke jin tsoron 'yan fashi su kama su su sayar, suka ce abin da mutum yake tsoro a yi masa bai kamata ya yi wa wani ba. Suka kuma ce a Turai saboda lamiri ake zaluntar mutane, a nan kuwa saboda launin fata. Ita ce takarda ta fari da wata ƙungiyar addini ta rubuta gāba da bauta a ƙasashen da Ingila take mulki a Amurka.

Waɗannan mutum huɗu da sunan taron Kweka suka rubuta, ga shugabannin Kweka kuma suka aika. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ikkilisiyar Menonayit ce ta rubuta, ko da yake waɗansu cikinsu a gidajen Menonayit aka goye su. Ƙaramin taro ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura ta gaba. Na gaba ya tura wa babban taron shekara, shi kuwa ya ajiye ta bai yanke kome ba. Takardar ta kwanta cikin ajiya har aka manta da ita, sai a 1844 aka gano ta, masu yaƙi da bauta suka buga ta. Shekara 156 ke nan. Waɗanda suka rubuta ta ba su ga amfaninta da idonsu ba.

Mu koma ga 'yan Menonayit. A hankali waɗansu suka yi ta zuwa daga Krefeld, da Amsterdam, da Hamburg. Zuwa 1690 sun fara taruwa su kaɗai a gidan wani ɗan'uwa, Isaac van Bebber. Da shi ke babu mai wa'azi, sai a ɗauko littafin wa'azi, wani ya tashi ya karanta wa jama'a. Kafin shekara ta 1700 suka ga ya kamata su zaɓi ma'aikata daga cikinsu. Suka zaɓi William Rittenhouse ya zama mai wa'azi, Jan Neuss kuma dikon. Rittenhouse bai yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Sana'arsa yin takarda ce. A 1690 ya kafa wurin yin takarda a bakin wani rafi kusa da garin, shi ne na fari a ƙasashen Ingila na Amurka. Da tsummokin lilin yake yin takardar, garin kuwa na masaƙa ne. Kwana shida yana bakin aikinsa, ran Lahadi ya tsaya gaban 'yan'uwa.

Amma akwai damuwa da ta rage. Bisa ga tsarin ɗarikarsu, dattijo wanda aka ɗibiya wa hannu, wato bishop, shi kaɗai ne yake yin baftisma, shi ne kuma yake ba da Jibin Ubangiji. Babu irin wannan mutum ko ɗaya a dukan Amurka. Ku dubi nauyin abin. Waɗannan mutane ne da kakanninsu suka mutu cikin ruwa da wuta saboda maganar baftisma. Ga su sun sami ƙasar da babu mai hana su, amma 'ya'yansu suna girma, suna aure, babu mai yi musu baftisma. Tsofaffi suna mutuwa ba su sake cin gurasa da shan ƙoƙon Ubangiji ba tun barinsu Turai. Kusa da su kuwa ga taron Kweka, inda ba a yin baftismar ruwa ko Jibin Ubangiji sam, ƙofa kuma a buɗe take ga duk wanda ya gaji da jira.

Suka rubuta wa ikkilisiyar Altona, kusa da Hamburg, suna roƙo a aiko musu da bishop. A 1702 shugabannin Altona suka amsa. Suka ce tafiyar tana da nisa da hatsari, babu wanda zai iya zuwa. Suka ba su shawara su yi addu'a, su sa ɗaya daga cikinsu ya yi wannan hidima. Amsa ce mai kyau, amma ba a yi aiki da ita nan da nan ba. Rittenhouse ya ji nauyin abin, ya yi ta jinkiri. A shekarar nan ta 1702, cikin watan Oktoba, aka ƙara zaɓen masu wa'azi biyu, Jacob Gottschalk da Hans Neuss. Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakanin Hans Neuss da wani ɗan'uwa, Arnold van Vossen. Neuss ya ga an yi masa rashin adalci, ya fita daga ikkilisiya, bai kuwa ƙara komowa ba. A 1707 waɗansu 'yan Menonayit suka iso daga kudancin Jamus. Manoma ne, harshensu da al'adarsu sun bambanta da na mutanen Krefeld masu jin harshen Holan. Shekara guda cur suka yi suna sujadarsu dabam. Ran 18 ga Fabrairu 1708 Rittenhouse ya rasu, bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba.

'Yan'uwa, idan muka tsaya a nan, me muke gani? Mai wa'azi ɗaya ya mutu, ɗaya ya yi fushi ya tafi, baƙi sun ware kansu, taimako daga waje bai zo ba. Mun san ikkilisiyoyi da suka watse a kan abin da bai kai wannan ba. Amma a cikin wannan shekara ce al'amura suka juya. Baƙin nan suka haɗa kai da na gida. A watan Maris aka zaɓi dikanoni uku, a watan Afrilu aka zaɓi masu wa'azi biyu, ɗayansu Martin Kolb daga cikin baƙin. Sa'an nan waɗansu suka zo suka nemi baftisma. Ikkilisiya ta zauna ta yi shawara, ta umarci Jacob Gottschalk ya yi. Ran 9 ga Mayu 1708 ya yi wa mutum 11 baftisma, membobi suka zama 45. Ran 23 ga Mayu suka ci Jibin Ubangiji. Daga saukar jirgin Concord zuwa wannan rana, kusan shekara 25 ke nan. A shekarar kuma suka gina majami'arsu ta fari da gumagumai. Babu wanda ya zo daga Turai. Da mutanen da suke tare da su tun 1702 suka yi aikin. Gaskiyar masu iya magana, guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni.

Daga nan sai girma. A 1712 Gottschalk ya rubuta tarihin ikkilisiyar a taƙaice, daga wurinsa ne muka san yawancin abubuwan nan. Ya ƙidaya membobi 99. Amma ba dukansu ne suke zaune a Germantown ba. Tun 1702 waɗansu suka fara ƙaura zuwa Skippack, inda akwai ƙasar noma mai yawa. Sababbin baƙi da suke zuwa daga Jamus da Suwizalan manoma ne, sukan sauka Germantown su huta, su wuce ƙauye. A 1710 waɗansu suka kafa zama a yankin da yanzu ake kira Lancaster. Gottschalk kansa daga baya ya koma ƙauye. A 1725 masu hidima 16 daga ikkilisiyoyi biyar, har da Germantown, suka sa hannu a kan shaidar bangaskiya ta Dordrecht, wadda aka rubuta a Holan a 1632, aka kuma buga ta da Turanci a Filadelfiya a 1727 domin maƙwabta su san abin da suka gaskata. Ikkilisiyar da ta rasa bishop ɗaya ta zama uwar ikkilisiyoyi, 'ya'yan kuma suka fi uwar girma nesa ba kusa ba.

Akwai wata mahaɗa tsakanin wannan gari da mu. A 1719 waɗansu masu bi na wata ɗarika, wadda ta ɗauki koyarwa da yawa daga 'yan Menonayit, su ma suka taso daga Krefeld suka sauka Germantown a ƙarƙashin Peter Becker. Su ne 'Yan'uwa. Su ma sun yi shekara huɗu kafin su tsara ikkilisiya. Ran Kirsimati ta 1723 Becker ya yi wa mutum shida baftisma a cikin rafin Wissahickon. Shekara 200 bayan haka, ran 17 ga Maris 1923, 'ya'yan wannan ɗarika biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Daga nan ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe. Waɗanda suka yi baftisma a rafin nan cikin sanyi ba su taɓa jin sunan Garkida ba.

Majami'ar gumagumai ta Menonayit ita ce kuma makarantar yara. Wani malami mai tsoron Allah, Christopher Dock, ya koyar a cikinta bazara huɗu. Ya rubuta littafi a kan yadda za a bi da yara a makaranta da ƙauna da haƙuri, aka buga shi a Germantown a 1770. Al'adarsa ce idan yara sun tashi ya tsaya ya yi addu'a domin kowannensu da sunansa. A 1771 aka tarar da shi a durƙushe a makarantarsa ta Skippack, ya riga ya cika. A 1770 ɗin nan ne kuma aka maye gurbin ginin gumagumai da na dutse, ɗan ƙarami, ba ado ba hasumiya. Bayan shekara bakwai yaƙin neman 'yancin Amurka ya iso ƙofarsu. Ran 4 ga Oktoba 1777 sojojin George Washington da na Ingila suka gwabza a kan titin da majami'ar take. Tun 1775 shugabannin Menonayit da na 'Yan'uwa suka rubuta wa majalisar Pensilbaniya cewa a shirye suke su taimaki kowane mabukaci, amma lamirinsu bai yarda su ɗauki makami ba. Da yawa sun biya tara mai nauyi saboda wannan matsayi.

Yaƙi bai rushe ikkilisiyar ba, amma wani abu marar ƙara ya kusa kashe ta. Yawancin 'yan ɗarikar sun koma ƙauye. Garin ya cika da masu jin Turanci, a 1854 aka haɗa shi da birnin Filadelfiya. 'Ya'yan gida suka yi ta shiga waɗansu ikkilisiyoyi. Shekaru da yawa sai an jira mai wa'azi ya hau doki daga ƙauye ya zo. Waɗannan bayin Allah sun yi ƙoƙari, zumunta kuwa a ƙafa take. Duk da haka ikkilisiyar ta koma irin halin da ta fita daga ciki a 1708, wato jiran wani daga nesa. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 'yan kaɗan ne suka rage, saura ƙiris a rufe ƙofa. A 1863 aka sake tsara ta, ta ci gaba da 'yan membobinta. Cikin ƙarshen ƙarni na 20 ta sake samun jama'a, har ɗan ginin dutsen ya yi musu kaɗan, suka koma wani gini a kusa. Ginin 1770 yana nan tsaye, kewaye da kaburburan mutanen fari, ana kula da shi domin tarihi.

To, me wannan tarihi yake faɗa mana? Abu na fari, cikin shekara 25 ɗin nan ba su daina taruwa ba. Sa'ad da babu mai wa'azi, sun karanta wa'azin wani. Sa'ad da babu majami'a, sun buɗe ɗakunansu. Da sun ce bari mu dakata har a aiko mana da shugaba, da babu wanda zai rage ya karɓi baftisma a 1708. Ibraniyawa 10:25 tana gargaɗinmu a kan wannan.

Abu na biyu, wani sashi na jiran nasu ba dole ba ne. An ba su izini a 1702, tsoro da rashin jituwa suka ci shekara shida. Ba muna cewa kowa ya tashi ya yi baftisma yadda ya ga dama ba. Su ma sun nemi shawarar manyansu, ikkilisiya kuma ta zauna ta yarda kafin Gottschalk ya yi. Kowace ɗarika tana da tsarinta, mu girmama shi. Amma akwai ayyuka da yawa da ba sa bukatar ɗibiya hannu: koya wa yara Maganar Allah, shirya masu neman baftisma, ziyarar marasa lafiya, sulhunta waɗanda suka yi faɗa, tura ɗanmu ko 'yarmu makarantar Littafi Mai Tsarki da kuɗinmu. Wane ne cikinmu yake kamar mai yin takardar nan, yana da baiwa amma yana jin bai isa ba? Wane ne Hans Neuss namu, wanda ya fita da fushi, har yau ba mu bi sawunsa ba? Su wane ne baƙin da suke sujada a gefe saboda harshensu dabam ne da namu? Mu lura, baftisma ta fari ta zo ne bayan baƙi da 'yan gida sun haɗa kai.

Abu na uku, kada mu auna ikkilisiya da yawan waɗanda suka rage a kan kujeru. Germantown ta rage domin 'ya'yanta sun tafi sun kafa waɗansu. Idan samarinmu sun tafi birni suna yi wa Ubangiji hidima a can, ba asara muka yi ba. Namu shi ne mu tabbata sun tafi da Maganar Allah a zuciya, mu kuma tayar da waɗansu a madadinsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, mun gode maka domin ka san kowace ƙaramar ikkilisiya da sunanta. Ka gafarta mana inda muka zauna muna jiran waɗansu su yi aikin da ka ba mu. Ka tayar da ma'aikata daga cikinmu, ka komo da waɗanda suka tafi da ɓacin rai, ka haɗa kanmu da baƙin da ke tsakaninmu. Ka riƙe mu da aminci ko da ƙarfinmu kaɗan ne. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.